Takardun Aiki Biyu a Hannu: Yadda Za Ka Zaɓi Wanda Ya Dace a Kebbi

Kusan duk wanda ya san na daɗe a sashen albashi da kula da ma'aikata, da zarar ya samu takardar ɗaukar aiki sai ya biyo ta wurina. Wani ya tare ni a majalisa bayan La'asar, wani ya bugo waya da dare, wata kuma uwarta ce za ta turo ta da ambulan a ƙarƙashin hijabi. Tambayar ɗaya ce kullum: "Kawu, wanne zan ɗauka?" Wanda ma takarda guda ce a hannunsa tambayarsa ke nan, domin ko dai zai bar aikin da yake yi, ko shagonsa, ko garinsu.

Na sani a wannan zamani samun aiki ɗaya ma sai an sha wuya, har mutum kan ji nauyin a ce ya tsaya yana zaɓe. To amma na ga wanda ya saki reshe ya kama ganye, na ga wanda ya yi wata biyar yana aiki ba a ba shi ko sisi ba, duk don murna ta hana shi tambayoyin da ba za su ci masa kwana uku ba. Ga yadda nake bi da duk wanda ya zo mini. A bi jerin yadda yake, domin babu amfanin lissafin albashin aikin da ba a tabbatar akwai shi ba.

Abin da za ka tanada: littafi da biro, waya mai data, kuɗin motar zuwa wurin aikin da dawowa ko da sau ɗaya, da fayil ɗin leda na ajiye takardu. Sai lokaci. Ka roƙi kwana uku zuwa mako guda kafin ka ba da amsa. Wurin kirki ba ya hana wannan.

Mataki na 1: Tabbatar da cewa aikin na gaske ne

In kamfani ne, ka ɗauki sunansa kamar yadda yake a saman takardar, ka shiga shafin bincike na hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC. Binciken suna kyauta ne, kuma zai nuna maka ko kamfanin yana da rajista. In makaranta ce mai zaman kanta, ka tambaya ko tana da amincewar ma'aikatar ilimi. In asibiti ne, ta ma'aikatar lafiya. Sannan ka nemi ofishin da ƙafarka. Lambar waya da hoton gini a WhatsApp ba ofis ba ne.

In aikin gwamnatin jiha ne, sakatariyar jiha da ke Gwadangaji a Birnin Kebbi ba nisa gare ta ba. Ka je ma'aikatar ko hukumar da aka ce ita ta ɗauke ka, ka nemi sashen ma'aikata, ka ce a duba maka sunanka a jerin waɗanda aka ɗauka. Malaman firamare kuma SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, za su nufa. In na tarayya ne, ka je hedikwatar hukumar ko ofishinta na jiha, ka yi hakan.

Hattara: duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin "gurbi", ka ja da baya. Akwai yaron da aka kawo mini, mahaifinsa ya sayar da buhunan shinkafar da ya noma a rani ya biya wani da ya ce yana da hanya a Abuja. Takardar da aka ba shi har da tambarin gwamnati da hatimi, kyakkyawa, ka rantse daga ofis ta fito. Sai da ya je a sa shi cikin IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, aka ce babu ko mai kama da sunansa. Kuɗi sun tafi, kuma uban bai iya kai ƙara da ƙarfin gwiwa ba, don shi ma ya san cin hanci ya bayar.

Hattara ta biyu: kada ka bar takardun makarantarka na asali a hannun kowa. A gani, a ɗauki kwafi, a mayar maka a nan take. Wurin da ya ce zai riƙe digirinka ko takardar kammala NYSC "don tsaro" ya riga ya gaya maka cewa mutane gudu suke yi daga wurinsa.

Mataki na 2: Karɓi maganar a rubuce, ka karanta ta sau biyu

"Ka zo ka fara, za mu daidaita" ita ce maganar da ta fi kowace cutar da matasanmu, musamman in mai wurin ɗan'uwa ne ko abokin baba. Kunya ce ke hana mu neman takarda, ranar da rigima ta tashi kuma kunyar ba ta tsaya wa kowa. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce da fara aiki. Kai dai ka nema tun kafin ka fara.

Da takardar a gabanka, ka nemi waɗannan, ka ja layi a ƙarƙashin kowanne:

Sunan wanda ya ɗauke ka. Wannan ya fi yadda ake zato muhimmanci. Za ka ga mutum yana aiki a banki ko masana'anta, da rigarsu da katin shaidarsu, amma takardarsa ta wani kamfanin ɗan kwangila ce da ke kawo musu ma'aikata. Albashinsa da haƙƙinsa daban ne da na wanda ke zaune kusa da shi.

Muƙami da garin da za ka yi aiki, da ko suna iya canza maka gari.

Albashi, da ranar biya, da rabe-rabensa: tushen albashi, kuɗin gida, kuɗin sufuri, sauran alawus.

Na dindindin ne ko kwantiragi, in kwantiragi ne na wata nawa. Sai lokacin gwaji da abin da ke biyo bayansa.

Awannin aiki, Asabar da Lahadi, da ko ana biyan aikin da ya wuce lokaci.

Hutu. Mafi ƙarancin da doka ta sa shi ne kwana 6 na aiki bayan wata 12, da kwana 12 na rashin lafiya a shekara in likita ya tabbatar. Mace tana da mako 12 na haihuwa, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin.

Notis na barin aiki ko sallama. A doka, kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, mako guda ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga biyar zuwa sama.

Hattara: wannan doka ta fi kare leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. In muƙaminka na manaja ne ko na ƙwararre, abin da ka sa wa hannu shi ne dokarka, shi kotun ma'aikata za ta duba. Ka kuma lura da sharaɗin da ya ce in ka tafi kafin shekara kaza za ka biya kuɗin horon da aka ba ka. Ka tambayi nawa ne, a rubuta adadin.

Mataki na 3: Lissafa abin da zai shigo aljihunka

Nan ne nake zaunar da mutum in miƙa masa biro, don nan aka fi ruɗuwa. Adadin da ke kan takarda ba shi ne alat ɗin da zai shigo wayarka ba, alat ɗin kuma ba shi ne abin da zai rage maka ba.

Ka fara da abin da ake cirewa. Fansho kashi 8 cikin ɗari ne daga tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Haraji kuma, a dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, abin da ya hau kai har zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15, kuma sai an fitar da kuɗin fansho ake lissafawa. Ma'aikacin gwamnati ana iya cire masa kuɗin asusun gidaje da na ƙungiyar ƙwadago da na inshorar lafiya.

Bari in ƙaddara maka misali, alƙaluman nawa ne don a gane hanya, kai ka sa naka. Kana zaune gidanku a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi. Wani kamfani a wani gari ya ba ka 180,000 a wata. Wata makaranta a nan cikin Birnin Kebbi ta ba ka 120,000. Duk wanda ka gaya wa zai ce ai magana ta ƙare, dubu sittin ba wasa ba ce.

Na farko: fansho 14,400, haraji 14,840, saura 150,760. Na biyu: fansho 9,600, haraji 6,560, saura 103,840. Tazarar ta riga ta sauko ƙasa da dubu arba'in da bakwai.

Yanzu sa kuɗin da aikin kansa zai ci. A wancan garin za ka kama ɗaki, a ce 180,000 a shekara, wato 15,000 a wata. Za ka zo gida duk ƙarshen mako, a ce 5,000 zuwa da dawowa, 20,000 ke nan. Sai tukunya ta biyu: gida ana dafawa, kai kuma kana sayen naka a can, a ce ƙarin 30,000. An cire 65,000, saura 85,760. Na cikin gari kuwa kabu-kabu ko Keke Napep ne, a ce 800 a rana sau kwana 22, wato 17,600, saura 86,240. Ka ga dubu sittin ɗin nan ta narke, har na gida ya ɗara da 'yan ɗaruruwa.

Ba ina cewa a ƙi aikin nesa ba ne. In kamfanin zai ba ka masauki ko abincin rana ko motar ma'aikata, lissafin ya juye. Kuma kashi 10 da mai aiki ke zuba maka a fansho, 18,000 a can, 12,000 a nan, shi ma kuɗinka ne ko da ba yau za ka taɓa shi ba. Abin nufi, kada ka gwada adadi da adadi sai ka tace su.

Ka ƙara shafi guda na kuɗin fara aiki: takardar lafiya daga asibitin gwamnati, hotunan fasfo, kwafin takardu, takardar shaidar ƙaramar hukuma, kuɗin haya na shekara da ake biya a dunƙule, katifa da risho, da abin da za ka ci har albashin farko ya fito. A aikin gwamnati albashin farko kan yi jinkiri kafin a gama shigar da suna, don haka ka yi guzurin wata biyu ko uku.

Hattara: alawus ɗin da "ake bayarwa in an samu" kada ka sa shi a lissafi. Haka kamasho. In an ce albashi 60,000 ne amma da kamasho kana iya kaiwa 200,000, albashinka 60,000 ne. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne tun Yulin 2024, gwamnatin Kebbi kuma ta amince da 75,000 ga ma'aikatanta, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shi ya sa ƙananan makarantu da shaguna ke biyan ƙasa da haka.

Mataki na 4: Tambayi fansho, lafiya da diyya

Tambaya uku ce, kuma akanta ko jami'in ma'aikata za ka yi wa, ba mai kamfani ba.

Ta farko: kuna zuba fansho? Dokar fansho ta 2014 ta wajabta hakan a kan kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, tare da inshorar rai da ta kai ninki uku na albashin shekara, wadda iyalin ma'aikaci za su karɓa in ya rasu yana bakin aiki. Asusun fanshon naka ne, da lambarka, yana bin ka duk inda ka koma. In aikin jiha ne ko ƙaramar hukuma, ka tambayi tsarin da suke kai da yadda ake biyan giratuti, tsofaffin ma'aikatan da suka ajiye aiki sun fi kowa sani.

Ta biyu: akwai inshorar lafiya, kuma ta haɗa da mata da yara? Ma'aikatan tarayya suna ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, jihar Kebbi kuma tana da tata, KECHEMA. Ka tambayi asibitin da za a tura ka. Inshorar da asibitinta ke Abuja kai kana Kamba ba ta da amfani ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Ta uku, ga mai aikin inji ko tuƙi ko gini: in na ji rauni wa zai biya? Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, don wannan. Ka ji ko suna yi.

Hattara: akwai wuraren da ke cire kashi 8 daga albashinka ba su tura ba. Za ka gane ne daga saƙon kamfanin fanshonka, zan dawo kan wannan a mataki na ƙarshe.

Mataki na 5: Je ka ga wurin a ranar da ba a gayyace ka ba

Ranar intabiyu kowa ya sha wanka, an share ofis, oga yana murmushi. Ka koma wata rana da safe, wajen ƙarfe takwas, ko da yamma lokacin tashi. Gani ya kori ji.

Kada ka shiga. Ka zauna teburin mai shayi ko wurin mai ƙosai da ke bakin ƙofa, ka sayi wani abu, ka yi hira. Waɗannan mutane su ke ba ma'aikata bashi, don haka sun fi kowa sanin ranar da ake biyan albashi. Ni kaina haka wani dattijo mai gadi ya cece ni ina saurayi. Na je da takardata ina ta rawar jiki, ya dube ni ya dubi ambulan ɗin, ya gyara zama a kan bencinsa ya ce, "Yaro, wurin ga suna biya, amma sai wata ya yi kwana goma sha biyat. Wani watan ma sai an haɗa da na gaba." Ya nuna mini wani ɗan littafi da mai shayin ke rubuta bashi, shafi bayan shafi, har da sunan kashiya. In kashiya na cin bashin shayi, ai ba sai an yi maka bayani ba.

Bayan nan ka nemi mutum biyu: wanda ke aiki a wurin yanzu, da wanda ya bari. Na biyun ya fi faɗin gaskiya, ko da yake ka tace maganarsa in korarsa aka yi. A gari irin namu ba a rasa wanda ya san wani. Ka tambaye su ranar da albashi ke shiga, mutum nawa suka zauna kujerar da za a ba ka cikin shekara biyu, me ya kori na ƙarshe, yaushe aka yi ƙarin girma na baya, da yadda aka yi wa wanda ya yi rashin lafiya ko aka yi masa rasuwa. Kujerar da mutum huɗu suka bari a shekara biyu, ruwa ba ya tsami banza.

Sai ogan da za ka zauna ƙarƙashinsa kai tsaye, wanda a wurina ya fi sunan kamfanin nauyi. Ka lura da yadda yake magana da masinja da direba, haka zai yi maka bayan wata uku. Ka duba banɗaki, wurin salla, da ko ana sakin mutane su tafi Juma'a ba tare da harara ba. In masana'anta ce, ka ga ko masu aiki na sanye da takunkumin ƙura da takalman kariya, ko da silifa suke yawo tsakanin injuna.

Hattara, ƙanwata: intabiyu a ofis ake yi, da rana. Wanda ya ce ki same shi a otal ko gidansa ko bayan Isha don a "ƙarasa magana", ki bar masa aikinsa. Ki kuma nemi mace da ke aiki a wurin ki tambaye ta yadda aka yi da waɗanda suka haihu, ko sun dawo sun tarar da kujerarsu. Doka ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana.

Mataki na 6: Auna hanya, tsaro da gida

Aikin jiha yana iya kai ka kowace daga cikin ƙananan hukumomi 21, daga Arewa har Sakaba. Na ƙungiyoyin agaji kuma galibi ofis a birni yake, aikin a ƙauyuka. Ba boyayyen abu ba ne cewa wasu yankuna, musamman ta ƙasar Zuru da iyakar Zamfara da Neja, sun sha fama da 'yan bindiga. Harin da aka kai kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, ba ɗalibai kaɗai aka kwasa ba, har da malamai. Don haka ka yi tambaya ba kunya: waɗanne garuruwa zan riƙa zuwa, da motar wa, ana tafiya bayan Magariba, in na ce hanya ba lafiya wa ke yanke hukunci? Direbobin tasha sun fi takardar kowane ofis sanin halin da hanya ke ciki a wannan makon, ka je ka ji daga bakinsu, ka tambayi yadda take da damina.

Sai gida. In kai ne ke kai tsohuwa asibiti, ko matarka na karatu, ko yara sun fara makaranta, ka sa wannan a ma'auni tun yanzu. Mace mai aure ta gama magana da maigida kafin ta sa hannu, har da zancen canjin gari, kada sai takarda ta fito a fara jayayya.

Gona ma lissafi ce. Mutum da yawa a nan abin da fadamarsa ke ba shi a noman rani ya fi albashin wata shida. Aikin da zai raba ka da gonarka lokacin dashe da yanka, ka cire wannan asara daga albashinsa. Tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko karɓar albashin gwamnati biyu, amma ya bar masa noma.

Mataki na 7: Duba inda aikin zai kai ka nan da shekara biyar

Aikin gwamnati tafiyar hawainiya ce amma tana da tabbas. Mai digiri yakan fara a matakin albashi na 08, ya yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, ƙarin girma kuma a ƙa'ida duk shekara uku ne a matakan tsakiya, in an yi a kan lokaci. Galibi ana ajiye aiki a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki. Yana ba da sararin ƙaro karatu da noma. Aibinsa, in ba ka tashi tsaye ba, sai ka shekara goma ba ka koyi komai ba sai sa hannu a rajista.

Ƙungiyoyin agaji sun fi biya, sun fi horarwa, amma ransu na hannun mai ba da tallafi. A farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID, hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, ayyuka da yawa a ƙasar nan suka tsaya cak, mutane suka wayi gari ba aiki. In za ka karɓi irin wannan, ka tambayi ranar da kuɗin shirin zai ƙare, ba ranar da kwantiraginka zai ƙare kaɗai ba, kuma ka ƙudurta ajiye wani kaso duk wata.

Kamfanoni suna tsakiya. Kebbi ƙasar shinkafa ce, akwai manyan masana'antu irin su WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi, ga ƙanana barkatai. A kowace masana'antar da ta dogara da amfanin gona ka tambayi abin da ke faruwa da ma'aikata in shanshera ta yi ƙaranci aka rage aiki. Wanda ya koyi gyaran inji ko gwajin ingancin hatsi ko kula da sito ya samu abin da zai tafi da shi ko'ina.

Ra'ayina, ga matashin da bai yi iyali ba, in kuɗin sun yi kusa da juna, ya ɗauki inda zai koyi sana'a a hannun wanda ya iya. Mai iyali da nauyin iyaye kuwa ya fi buƙatar albashin da ke zuwa ranar da aka ce, ko da bai kai ɗayan ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Hattara: kada ka ajiye aikin dindindin don kwantiragin wata shida sai ka tambaya ko ma'aikatarka na ba da hutu ba albashi.

Mataki na 8: Yi ciniki, sau ɗaya, da ladabi

A gwamnati ba a cinikin albashi, sai dai ka tabbatar an ɗora ka a matakin da takardunka suka ba ka. A kamfani da ƙungiya da makaranta ana yi, kuma lokacinsa bayan an ba ka takarda ne, kafin ka sa hannu. Ba sai ka yi dogon turanci ba: "Ranka ya daɗe, na gode da wannan dama, kuma ina son aikin. Na yi lissafin haya da mota, na ga abin da zai rage ba zai riƙe ni ba. Ko za a duba a kai shi kaza?" Ka faɗi adadi, ka yi shiru. In an ce babu hali, ka nemi masauki, ko kuɗin mota, ko a rubuta cewa za a sake duba albashin bayan gwaji.

Hattara: kada ka ƙirƙiro wata takardar da ba ka da ita don ka ɗaga farashi. Manajojin garin nan a masallaci ɗaya suke salla. Duk abin da aka amince kuma a sake buga takardar da shi.

Mataki na 9: Shawara, istihara, sannan amsa

Ka kai wa iyaye lissafin da ka yi, ba adadin kan takarda ba, don kada a ɗora maka nauyin albashin da ba ka da shi. Ka nemi shawarar mutum ɗaya ko biyu da suka san fannin. Shawarar majalisa guda ba ta ƙarewa. Ka yi istihara, ka yanke.

Daga nan jerin yana da muhimmanci ƙwarai. Ka sa hannu a kwafi biyu, ka riƙe ɗaya. Ka samu ranar fara aiki a rubuce. In akwai gwajin lafiya ko binciken takardu ko masu tsaya maka, ka bari a gama. Sai bayan duk wannan za ka rubuta takardar ajiye tsohon aikinka, ka ba da notis ɗin da sharaɗinka ya ce, ka miƙa kayan ofis a rubuce, ka karɓi shaidar cewa ba a bin ka komai.

Hattara: wanda zai tsaya maka ya karanta abin da yake sa wa hannu. In aikin riƙe kuɗi ne ko kaya, shi za a kama in an samu giɓi.

Wurin da ba ka ɗauka ba, kada ka kashe waya ka ɓace. Ka je ko ka rubuta: "Na gode da karamcin da aka yi mini. Na samu wani wuri da ya fi dacewa da halin da nake ciki yanzu. Allah Ya bar zumunci." In wani babba ne ya yi maka hanya, shi za ka fara sanarwa, da ƙafarka, kafin ya ji a bakin wasu.

In albashin farko ya shigo, ka nemi takardar biya mai nuna abin da aka cire, ka gwada da lissafin da ke littafinka. Doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin fanshonka. In wata uku suka wuce ba ka ga saƙon shigar kuɗi daga kamfanin fanshonka ba, ka ɗauki takardun biyan nan uku ka nufi ofishin akanta, in bai ba ka amsa mai gamsarwa ba ka rubuta wa PenCom, hukumar fansho ta ƙasa.